Rabin Cokalin Mai a Kunun 'Yata

Shekaru sun tura, har jikoki sun cika mini gida, amma akwai daminar da ba za ta taɓa fita daga raina ba, wato wadda 'yata ta fari ta kusa kuɓuce mana.

Lokacin muna zaune a wani ƙauye a Kurugu, sana'ata ƙuli-ƙuli. In soya gyaɗa, in matse tunkuza, in ɗura mai a kwalabe, maigidana ya kai kasuwar Karaye. Yarinyar ba ta daɗe da yaye ba ƙyanda ta kama ta. Ƙuraje suka warke, ita ba ta dawo daidai ba. Da har ta fara takawa, sai ta koma zama, daga zama sai kwanciya. Gashinta ya yi ja, fatar cinyarta ta saki.

Tun yaye tana hannun uwar mijina, wadda muke kira Inna. Ni kuwa kunyar 'yar fari ta hana ni ko ɗaukarta a gaban mutane, sai dai in fake da neman muciya in leƙa ɗakin. Inna ta hana a ba ta duk wani abu mai maiƙo, wai mai yana ta da shawara. Kunu tsararo kawai take ɗura mata. Ban taɓa ganin laifinta ba, domin ita ma ta binne 'ya'ya biyu, tsoro ne ya cika ta.

Ranar da yarinyar ta kasa ko kuka, Inna ta goya ta muka nufi asibiti a Karaye. Wata dattijuwar ma'aikaciya ta ɗora ta a sikeli, ta buɗe idonta ta duba, ta ce babu shawara. Sai ta juyo gare ni tana murmushi.

"'Yata, ƙanshin gyaɗa nake ji a zanenki. Mai kike yi?"

Na ce e.

"To ai rabin maganin yana ɗakinki."

Inna ta gyara zama ta ce, "Malama, mai ba zai yi mata nauyi ba?"

"Iya, cikinta bai fi dunƙulen hannunta ba. In kin cika shi da ruwan kunu, ya cika ne kawai, ƙarfin da ke ciki kaɗan ne. Ƙarfin cokali ɗaya na mai ya ninka na cokalin gari fiye da sau biyu."

Ta zauna ta yi mana bayani dalla-dalla, ba ta ƙosa ba. Ta ce idan mai ya isa hanji, matsarmama takan zubo ruwan nan nata mai ɗaci ya farfasa shi ƙanana-ƙanana, kamar yadda sabulu ke yi wa maiƙon kwano. Hanji ya tsotse, ya shiga jini, jiki ya riƙa ƙona shi a hankali kamar gungume a murhu. Abin da ya ragu jiki ya adana shi ya zama kitse saboda ranar ciwo, ita kuwa ƙyanda ta cinye mata nata. Ta ce man gyaɗa ya wadatar a yau da kullum, man shanu akwai ɓangarensa mai saurin shiga jini, shi kuma jan da ke cikin manja yana kare ido daga dundumi. A fara da rabin cokali, a kaurara kunun da tunkuza, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Da muka iso gida Inna ta wuce ɗakinta. Na ɗauka ta ƙi. Sai da ta dama kunu ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ke, miƙo mini kwalbar nan." Ta yi bisimilla ta tsiyaya.

Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ji labari, ta zo da man shanu a 'yar ƙwarya, ta ce a ba yarinyar, ai ita ma jikarta ce. Ƙanwar Inna ta aiko da manja daga Beli. Sati biyu ba mu ga wani canji ba, sai dai yarinyar ta fara bin ludayi da ido.

Wata hantsi, an fi wata guda, ina durƙushe ina matsar tunkuza na ji an ja mini gefen zane. Ita ce. Da ƙafarta ta tako daga ƙofar ɗakin Inna. Na waiga wajen Inna, hannuna duk mai. Inna ta kau da kai ta ce, "Ni ban ga komai ba. Ɗauki 'yarki."

Na rungume ta, na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa.

Tun daga nan na gane cewa ƙauna kaɗai ba ta isa a raya yaro ba, sai an haɗa da sani, kuma tambaya ba ta rage darajar kowa. Inna ta haura sittin, amma ta saurara, ta sauke abin da ta riƙe tun ƙuruciya saboda jikarta. Allah Ya jiƙanta. Yau in 'ya'yana suka ce, "Mama, ba haka ake yi ba yanzu," nakan haɗiye gardamata in ce su yi mini bayani.