Abin da na samu a gonar Baba

Da ƙarafan tsohuwar lema na haɗa eriyata ta farko. Na yanka su daidai awo, na jera a kan sandar gora kamar ƙayar kifi, na haɗa da ƙaramin rediyon oba-oba na magana da na nesa. Ba ta da nauyi, sai taurin kai: inda ka nuna bakinta, nan kawai take ji.

Cikin Matameye rediyon sai shuuu yake yi, don haka na bi hanyar Tsauni na shiga wata gona da aka girbe. Ina zagaye ina juya eriyar, can na tsinci muryar abokina daga Damagaram. Na daka tsalle na ce, "Na samu!"

Ashe dattijo mai gonar yana bayana. A shekarun nan kuwa ba wanda bai ji labarin injin neman zinariya ba.

Ya ce, "Yaro, me ka samu?"

"Murya ce, Baba."

Ya yi murmushi. "Allah ya yi albarka. Gaida gida."

Da na sake zuwa, shi da 'ya'yansa sun tone daidai inda na yi tsalle, rami ya shanye mutum. Na rantse ba injin zinariya ba ne, na kunna rediyo, na yi masifa, ko ɗagowa bai yi ba. Zinariya dai babu, amma sun cim ma ruwa, yanzu wurin garkar rake ne.

Ni da na so a san ni da rediyo, har yau Malam mai duban rijiya ake ce mini.