Ranar da Inna Take Tsallakewa

Tun kafin kiran assalatu muka bar Zariya, mu uku a mota ɗaya, don mu riski jirgin hantsi a Kano. Kamfanin da muke wa aikin gyaran na'urorin asibiti ne ya tura mu kos na kwana biyar a Riyad. Abokan tafiyata biyu Musulmi ne, bakinsu har kunne, don sun shirya wucewa Umara in an gama. Ni Kirista ne daga ƙasar Malumfashi, shi ya sa tun daga Kwanar Dangora suka fara tsokanata, wai in na dawo sai an kira ni Alhaji ko ana ha-maza-ha-mata. Na yi ta dariya, amma hankalina ba ya kan kos. Yayana ne a raina. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙi a Riyad bai leƙo gida ba, ga Innarmu a kwance tun farkon damina, likita kuma ya ce mu yi haƙuri, mu yi ta addu'a. Na tafi ne in taho da alkawarin zuwansa tun tana da rai.

Mun yada zango a Jidda, washegari da safe muka sauka Riyad. Titunansu kam sai dai a ce madalla, faɗi kamar filin ƙwallo, ba rami ko ɗaya, amma kowa gudu yake kamar an biyo shi. Zafin garin ba ya sa zufa, busar da mutum yake yi. Da safe mukan ci wani faffaɗan burodi mai zafi da ake kira tamis, da dakakken wake, a kora da shayin madara na riyal biyu. Ɗaya daga cikin abokaina ya fara juya riyal zuwa naira, muka roƙe shi ya bari mu ci abinci cikin kwanciyar hankali. Mun kuma shiga sabon jirgin ƙasansu wanda ba shi da direba. Na je har gaba na leƙa, ba kowa sai gilashi.

Abin da ya fara taɓa ni shi ne ranar Lahadi aka buɗe kos ɗin, don a can Lahadi ita ce Litinin ɗinsu. Ina zaune gaban na'ura da ƙarfe tara, lokacin da a gida ake buga ƙararrawa, mata na gyara ɗankwali suna shiga sujada. A Riyad ba ƙararrawa, ba coci. Na yi tunanin Yaya, wanda sunansa ma Ɗanladi, ya yi shekarun nan duka ba tare da Lahadi ko ɗaya ba. Kewa ta kama ni, ni da ko kwana uku ban yi ba.

Sai ran Juma'a Yaya ya samu hutu ya zo ya ɗauke ni. Na bar shi da baƙin gashi, na tarar da furfura har a gira. Muka rungumi juna, ya ce, "Yalla, shiga, rana za ta gasa ka." Ya bi da ni ta ƙofar Unguwar Ofisoshin Jakadanci, inda yake tuƙa ma'aikata, ya nuna mini daga nesa, sannan muka wuce unguwar Al-Badi'a inda yake zaune. Ɗaki ɗaya suke da wasu mutanen Maraɗi biyu, dattawan kirki, waɗanda suka ɗora tuwo da miyar kuka saboda ni. Da lokacin Juma'a ya yi suka tafi masallaci. Unguwar ta yi tsit, aka bar mu mu biyu da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki.

Na ce, "Yaya, jikin Inna ya yi tsanani. Ya kamata ka zo."

Ya ce, "Ita ta ce in zo?"

Ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce da na je sallama na tambaye ta saƙo, abin da ta ce kawai shi ne in gai da mutanen can.

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Mutanen can! Ka ji ko? Shekarata hamsin da huɗu, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na bugo waya, sai ta miƙa wa na kusa da ita."

Yaya ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta taɓa yabonsa gaban mutane ba. Duk mun san al'ada ce, shi ma ya sani. Amma ashe sanin abu daban, haƙuri da shi a ƙasar wasu daban.

Sai ya juya maganar. Ya ce direba ba abin da ya fi yawa a aikinsa kamar jira, shi ya sa ya koma karance-karance a waya. "Kai da ka yi shekara biyu a makarantar fastoci kafin ka gudu, ka san 'yan Nostik?" Na san su kuwa. Wasu mutane ne na farkon zamanin Kiristanci, masu da'awar sanin asiri. Sun ce Allah na gaskiya yana can nesa, a ɓoye, ba shi da suna, ba wanda ya san shi, kuma wani ne na ƙasa da shi ya ƙera duniyar nan, shi ya sa ta fito a karkace. Ran mutum kuma baƙo ne a cikinta, kullum yana begen gida. Malamanmu sun koya mana su ne don mu san ɓata mu kauce mata.

Yaya ya ce, "To ni sun fi gaya mini gaskiya. Shekara sha ɗaya ina addu'a a mota, gilashi a rufe, ko tari ban ji ba. Ka shiga jirginsu marar direba? Haka duniyar take tafiya. Masu shiru biyu gare ni, ɗaya a sama, ɗaya a ƙauye. In je in yi me?"

Na kwaso ɗan abin da ya rage mini na makaranta. Na ce ai magabatan ikilisiya ma sun yarda Allah mai ɓoye kansa ne, ya fi ƙarfin kowane suna, sai dai su ba su ce ya yi nisa ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Halas, ya isa haka, Fasto. Wannan wa'azi ne." Raina ya ɓaci, don ya san na tsani sunan nan, kuma ya san gaskiya ya faɗa.

Can na ce, "Yaya, wace rana Inna take zuwa coci?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Lahadi mana."

"Ita me take ce wa ranar?"

Ya ɗan tsaya. "Ranar sujada."

"In zancen kasuwa ne fa?"

"Kashegarin Asabar." Ya yi murmushi bai sani ba.

Saboda sunansa Ɗanladi, Inna ta haramta wa bakinta kalmar Lahadi tun ranar da aka raɗa masa suna. Na gaya masa abin da bai sani ba. Ciwon nan ya hargitsa mata kai. Tana kirana da sunan marigayi Babanmu, tana mantawa ko ta ci abinci. Amma makon da zan taho, malamar asibiti ta ce ta lissafa ranakun mako don a gwada hankalinta. Ta faɗi Alhamis, Juma'a, Asabar, sai ta kama bakinta, ta sunkuyar da kai, sannan ta ce Litinin. Malamar ta rubuta cewa ta manta ɗaya. Na ce, "Yaya, ba mantawa ta yi ba. Wanda ya yi shekara hamsin da huɗu yana tsallake rami bai taɓa faɗawa ba, ai idonsa na kan ramin. Komai ya zube mata, ban da inda kake."

Ya tashi ya kwashi kofunan da ba a sha komai a ciki ba ya shiga wanke su. Ni kam hawaye na yi, ban ɓoye ba. Da ya fito sai ya ce samun huruj da auda, wato izinin fita da dawowa, yana hannun kamfanin da ke riƙe da iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, kuma wannan lokacin aiki ne. "Zan tambaya," iyakar abin da na samu ke nan. Mutanen Maraɗi suka dawo, muka ci tuwo, suka yi ta tambayata ko gero ya yi kyau bana.

Ran Asabar abokaina suka wuce Makka, ni na juyo gida ni kaɗai, ba alkawari a hannuna. Daga Kano ban koma Zariya ba, na zarce ƙauye. Inna ba ta tambaye ni shi ba. Bango take kallo ta ce, "Mutanen can suna samun tuwo kuwa?" Na buga masa waya na kara mata a kunne. Wannan karon ba ta ture ba. Ba ta yi magana ba, shi ma bai yi ba, ina jin numfashinsu su biyu. Daga baya ta ce da ni, "Ka ce wa mai wayar nan an kusa yankan gero."

Na je Riyad koyon na'ura, na dawo da abin da ba ya cikin kos. Har yanzu ban isa in ce na san dalilin da Allah yake ɓoye kansa ba, kuma na daina ganin laifin wanda ya gaji da jira. Na dai gane shiru ba iri ɗaya ba ne. Akwai na wanda ya manta da kai, akwai na wanda sunanka ya cika masa baki. Ba ni da na'urar da ke bambance su, sai dai mutum ya matso kusa.

Har yau da nake rubutun nan Yaya bai iso ba, ya ce takardarsa na kan teburin kamfani. Jikin Inna kuma kullum ƙara ja baya yake, ina tsoro ƙwarai. Amma shekaranjiya ta sa an share ɗakin da ke kusa da rumbu, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Da ƙanwarmu ta tambaye ta baƙo za a yi, sai ta ce a'a, kaji ne suke ɓata wurin.