Yayen da Kawu Ya Yi

Kawuna mai gyaran rubutu ne a wata maɗaba'a. Teburinsa na can lungu kusa da injin yanka takarda, kullum da jan biro a maƙale a kunne. Abokan aiki suna ce masa Ƙamus, don ba ka gama gaisawa da shi bai ɗora maka wata kalmar Turanci da masu harshen ma suka manta da ita ba.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa maza sun yi nisa. Sai 'yarsa Auta, wadda ta auri direban babbar mota, take leƙo shi.

Wata rana ya dawo da fara'a, ya tarar da mu a falo, Auta na shayar da ɗanta. A littafin likitanci da suke bugawa ya tsinci sabuwar kalma.

"Ablactate," ya ce. "Daga Latin take. Ab, rabawa. Lac, nono. A raba yaro da nono, yaye ke nan."

Auta ta yi dariya har yaron ya saki. "Haba Baba! Ko haƙori bai fitar ba za ka yaye min shi da Turanci?"

Ba a jima ba ta ji wani ƙullutu a ƙirjinta. Mijinta na hanya, don haka Kawu ne ya kai ta asibiti. Likita ya ce maganin da za a ɗora ta a kai yana bin nono, dole ta daina shayarwa nan take. Da suka fito ta zauna a benci, ta dube shi.

"Baba, kalmar nan taka ce ta zo, ko?"

Ya zauna kusa da ita a bencin.

Gidansa ta tare. Yaron ya ƙi kwalbar madara, yana ture ta da hannu yana tsala kuka. Kawu ya riƙa zagaya tsakar gida da shi a kafaɗa, yana ɗiga masa da cokali, Auta kuwa na ɗaki ta toshe kunne, gaban rigarta a jiƙe. Sannu a hankali yaron ya saba. Ranar da ya karɓi kwalbar da hannunsa ta yi murmushi, sannan ta juya fuska bango.

Ta rasu kafin ya fara tafiya.

Kawu ya koma aiki, amma kurakurai suka fara wuce shi, shi da kansa ya ce a sallame shi. Direban ya so kai yaron wajen yayarsa. Kawu bai yi gardama ba, sai dai ya haɗa kayan yaron a jaka ya zauna a kanta, ya kasa tashi. Direban ya daɗe tsaye a ƙofa, sannan ya ce, "Ku zauna tare, Baba. Zan riƙa zuwa."

Yana zuwa kuwa, duk sanda hanya ta biyo da shi.