Kwalaben da ke tagar Alasan

Da safen nan ina ɗaura igiyar takalmi aka bugo mini waya: Alasan tela ya rasu. Ƙoda. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Na rubuta wannan na goge, na sake rubutawa. Ban tabbata ni ne ya dace in faɗa ba.

Tare muka yi lakwal, wato makarantar boko. Ni na kama aikin ofis a unguwar Nyékonakpoè, shi ya gaji keken babansa a Zongo. Akawu yake ce mini, don komai sai na tambayi dalili. Ranar sunan ɗiyata ya ga wuyan rigata ya zare, ya ja ni bayan gida ya ɗinke ta a jikina, yana cewa, "Tsaya cak, Akawu, kar in haɗa da fata."

Hawan jini ne ya fara taɓa masa ƙoda. Ni na raka shi asibiti. Likitar ta yi mana bayani dalla-dalla: binciken da ake yi yanzu ya nuna akwai magungunan da ke rage saurin lalacewar ƙoda, in an riƙe su kullum. Amma ƙwayoyin ciwon jiki na kan tebur, da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, su ke ƙarasa ta. Ya ji. Har ya maimaita mini a hanya.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa.

Kun san mu. Ba ma zuwa dubiya hannu rabbana. Kowa da kwalbarsa ta jiƙo, kowa da labarin wanda ta tayar.

Ganina da shi na ƙarshe, ƙafafunsa sun kumbura, tagar ɗakinsa cike da kwalabe. Ya dinga nuna mini: wannan ta mai goro ce daga Kumasi, waccan wani direban Yamai ya kawo, baƙar kuma ta maƙwabciya.

Na ce, "Ba dai sha kake ba?"

Ya ce, "Kurɓi ɗaya-ɗaya. Haba Akawu, dattijo ya hau zemijan, babur ɗin haya, tun daga unguwar Avédji, ya zauna yana kallonka, ka ce masa ba ka sha? Da wane ido?"

Na ce to likita fa?

Ya yi dariya. "Likita ba ta zuwa gaisuwar Sallah gidanmu."

Na san kwana ne ya ƙare. Ni ba likita ba ne, ba zan rantse cewa kwalba ce ta kashe shi ba. Amma mutumin da ya kasa kunyata kowa, babu wanda ya ji kunyar ɗura masa abin da shi kansa bai san sunansa ba. Yau kuma su ne a sahun gaba, suna "wallahi mun yi iya ƙoƙarinmu."

Abin da ya sa na ƙi gogewa: ɗazu a gidan rasuwa na ji wata tana tattara kwalaben tana cewa a kai wa Yaya Azumi, kar su lalace. Yayarsa ce. Ita ma hawan jinin gare ta, ita ma ba ta iya cewa a'a.

Allah Ya jiƙan Alasan, Ya sa ciwon nan ya zame masa kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinsa. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

In za ku gaida Yaya Azumi, don Allah ku je da addu'ar kaɗai.