'Yar Akuyar da Ta Shiga Hoto

Barau Dillali bai taɓa zama kan tabarma har ta yi ɗumi ba. Shekara ashirin da wani abu yana kai da komo a karar dabbobi ta Dungas, ya buɗe bakin wannan rago, ya latsa gadon bayan waccan tunkiya, ya shiga tsakanin masu ciniki tun kafin a kira shi. Matarsa ma cewa take a tsaye yake cin tuwo.

Da ciniki ya koma salula, samari suka buɗe gurup na gwanjo a Watsap: mai dabba ya sa hoto, masu so su yi ta tayi da murya, wanda ya fi kafin la'asar ya ɗauka. Barau suka naɗa mai raba gardama. Ba ya karatu, amma kunnensa ba ya mantuwa.

Ran nan Inna Ƙande ta Dogo-Dogo ta sa jar akuyarta, da 'yarta ta kwana tara a tsaye tsakanin ƙafafunta. Maina, tela a Guci, ya cinye tayin. Ɗan kabu-kabu ya kai masa akuya ita kaɗai.

"Baba Barau," in ji Maina, "abin da idona ya gani na taya. Ƙafa takwas na ƙirga!"

Sai ga muryar Ƙande: "To ai turmina da zakaran maƙwabta ma sun fito a hoton, ɗan nan. In ɗoro maka su?"

Gurup ya dare biyu, har da waɗanda ko kaza ba su taɓa saye ba. Barau na saurare, yana zagaya tsakar gida, yana hawa tudun bayan gari neman rezo, wato sabis na salula. Ba surutun ne ya dame shi ba. Kwana biyu ke nan 'yar akuyar ta ƙi karɓar komai, uwar kuma na can Guci hantsa ta cika, tana ta kuka. Kwana ɗaya nan gaba, gardamar kan fata za ta koma. Ya kuma san nasa laifin: a kara ba a tafa hannu sai dillali ya tambaya, "Da ɗa ko ba ɗa?" A salula bai tambaya ba.

Ya kira kabu-kabu. A Dogo-Dogo ko ruwa bai sha ba, ya naɗe 'yar akuyar cikin babbar rigarsa, yana ta zungurin mai moto har Guci.

A ƙofar shagon Maina ya kira Ƙande, ya ɗaga salula sama don kowa ya ji.

"Yadda makiyaya ke yi za mu yi. Maina, kiwon 'yar akuyar aka ba ka. In ta girma ta haihu, haihuwar fari taka ce, ita kuma ta koma gidan Inna."

Maina ya sosa ƙeya. "In ta haifi biyu fa, Baba?"

"Ɗaya nawa!" Ƙande ta yi caraf daga cikin salula.

"Kai jama'a! Ku bari ta rayu tukuna."

Barau ya sauke 'yar akuyar a ƙasa. Ta yi tangaɗi, ta faɗi, ta tashi, ta laluba ƙarƙashin uwar har ta kama nono. Jelarta ta fara kaɗawa.