Hoton da Muka Naɗa wa Rawani

Lokacin sanyi ne, a shekarar da damina ta yi kyau a kan duwatsu. Lemun ƙauyen Timia ya cika kasuwa, kowa a Agadas fuskarsa a sake. Ku da kuka shigo aikin gidan tarihin nan a bayana kun tarar da wani hoto a ɗakin tsakiya da ƙyalle a fuska, kuna ta tambayata dalili. To ku zauna ku ji, don ranar nan ba ta taɓa fita raina ba.

Ni ce mai kula da ɗakin a lokacin. In share, in goge gilashi, in zauna bakin ƙofa in hana yara taɓa kaya. Shugabanmu, Mushe Sule, ya shirya nuni don tunawa da samarin da suka fara kaɗa gitar lantarki a garin nan, tun zamanin da ake ɗauko batirin mota a kan jaki zuwa gidan biki, ana yin tsirkiya da wayar birkin keke. Mun rataye gitoci, mun jera kasetoci, mun kafa hotuna. Doka ɗaya Mushe ya ba ni, abin da ya hau bango ba ya sauka sai da izininsa.

Ana gobe buɗewa, bayan la'asar, Mushe ya fita raba gayyata. Sai ga Alhaji Ahmadu na unguwar Dagmanet, mai sayar da shinkafa da sukari, dattijon da ba a taɓa jin dariyarsa daga nesa ba. Rawaninsa ya rufe baki har hanci kamar kullum. Muka gaisa, ya wuce kai tsaye wurin wani hoto ya tsaya.

Saurayi ne a ciki, kai ba hula ba rawani, gashi kamar an kifa masa kwando, wando mai faɗin ƙafa, ya rungume gita, baki a wangale har ana ganin dasashi. Na sha goge gilashin nan. Na ma karanta sunan da ke ƙasa da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci, amma Ahmadu nawa ne a Agadas?

Ya ce, "Rabi, sauke wannan."

Na ce, "Alhaji, kun san shi ne?"

Ya sassauta murya ya ce, "Ni ne."

Wallahi sai da na ciji bakin mayafina don kada dariya ta kufce mini.

Ya ce surukinsa, mahaifin matarsa Hajiya, ya sauko daga Timia, jikoki kuma sun rantse gobe sai sun kawo shi kallo. A al'adarsu namiji ba ya barin surukinsa ya ga bakinsa, ko shayi zai sha sai ya kau da kai. "Tun da na auri 'yarsa bai taɓa ganin leɓena ba. Gobe ya zo ya ƙirga haƙorana a bango?"

Na ce masa ba ni da ikon saukewa, a bakin aikina ne. Sai na ce, "Alhaji, tunda baki ne matsalar, me zai hana mu naɗa masa rawani?"

Ya dube ni kamar na taɓu. Sai ya kama jelar rawaninsa na turkuɗi ya yage wani yanki. Na kawo 'yan ƙusoshi, na hau kujera, shi yana ƙasa yana ba da umarni. "Ɗaga sama. A'a, kin rufe masa ido. Bar gitar a waje, ita ba ta yi laifin komai ba."

Muna cikin haka Mushe ya dawo. "Inna, mene ne wannan?"

Na ce, "Hoton ne ke jin kunya, Mushe. Ban sauke shi ba."

Ya dubi Alhaji, ya dubi bango, ya ce "Bon," ya shige biro, wato ofishinsa, da sauri. Ta bayan ƙofa muka ji yana dariya har da tari.

Ranar buɗewa aka cika maƙil, aka sa tsohon kaset yana tashi. Abin da ba mu lissafa ba shi ne halin mutane. Duk wanda ya iso gaban hoton sai ya waiga hagu da dama ya ɗaga ƙyallen. Turkuɗi kuwa yana zuba. Kafin azahar rabin ɗakin yatsunsu shuɗi ne, malaman lakwal, wato makarantar boko, matan unguwa, har da baƙon da ya zo daga ofishin magajin gari. In na ce "Ba a taɓawa," sai a ce "Ni ban taɓa ba," ana ɓoye hannu a riga. Hajiyar Alhaji ta ɗaga, ta rangaɗa guɗa, ta ce wa ƙawayenta, "Ku gani, ba a banza na ƙi mai raƙuma ba!"

Sai ga tsohon ya shigo, jikoki na riƙe da shi. Alhaji ya lafe bayan ƙofa kusa da ni, ina jin numfashinsa. Tsohon ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya iso wurin, ya sa kan sandarsa ya ɗaga ƙyallen. Ya daɗe yana kallo. 

Ya sauke ƙyallen, ya gyara shi da kyau, ya juyo wajena, bai ko kalli bayan ƙofa ba. Ya ce, "'Yata, wannan yaron ban san shi ba. Amma in kin gan shi ki faɗa masa, daren da ya yi wasa a Timia ni ne na ba da jakin da ya ɗauko batir. Rawa kuma na yi ta har takalmina ya tsinke."

Ɗakin ya ɗauka da shewa. Na waiga na ga rawanin Alhaji yana girgiza, ido yana hawaye, dariya ce ta ci ƙarfinsa.

Abin da na koya a aikin nan ke nan. Kayan da muke ratayewa a bango masu su suna nan da ransu, suna da surukai da jikoki, sai a bi da su a hankali. Washegari na zo da sassafe da bokiti da sabulu, na goge shuɗin yatsu daga gilashin, na sake ɗaure masa rawaninsa, na bar bokitin a bakin ƙofa don masu cewa ba su taɓa ba.