Fasinjan da ban tambayi inda zai sauka ba

Wannan abin wallahi tallahi ni ya faru da ni, ba wani ne ya ba ni labari ba, wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bari, don na gaji da rantse-rantse a kansa. Shekara huɗu ke nan ko biyar. Lokacin ina zaune a unguwar Stapleton, nan tsibirin Staten Island da ke bakin tekun gabas, ni da matata Hadiza da 'yarmu Ilham, ina aikin kai wa mutane abinci gida-gida a kan keke. Kafin in zo ƙasar nan kuwa acaɓa na yi a Kano, shekara tara cur, har zuwa lokacin da aka hana.

Taurin kai ne ya sa ni, ba komai ba. Na ga Turawa suna ratsa ƙasar nan a keke daga wancan bakin teku zuwa wannan, na ce to ni da nake kwana in tashi a kan keke, me suka fi ni? Al'adarsu ita ce ka tsoma tayar baya a tekun yamma ranar da za ka tashi, in ka iso ka tsoma ta gaba a tekun gabas, in ba ka tsoma ba to ba ka gama ba, ko da ƙafarka ta tsinke. Hadiza ta yi faɗa har ta gaji, ta ce mutum da iyali zai kama hanya kamar wanda aka kora. Ilham kuwa, tana 'yar shekara shida, ta sa na yi mata alkawari cewa ranar da na dawo ita zan ɗora a kariyar baya mu ƙarasa bakin ruwan tare. Kullum na kira waya sai ta tuna min. Har hular kwano uwarta ta saya mata saboda ranar.

Na tashi daga jihar Oregon, can bakin tekun yamma, lafiya lau, na sha duwatsu, na sha iska, na sha karnuka, duk wannan ba komai ba ne. A Wyoming abin ya same ni. Tsakar rana ce, rana ta take, hanya miƙe ɗoɗar, ba gida ba bishiya ba ko tsuntsu, ruwana ya kusa ƙarewa, kaina yana juyawa. Na tsaya a gefen titi na kurɓi ɗan abin da ya rage, na ɗora ƙafa a feda zan tashi ke nan, sai na ji an yi min "Ssss!" daga baya, an tafa hannu sau biyu. Duk wanda ya zauna a Kano ya san wannan kiran, haka ake tsayar da ɗan acaɓa. Ni kuma bakina, Allah wadaran sabo, kafin hankalina ya dawo har ya riga ya ce, "Hau mu je."

Jama'a, sai bayan keken ya nutse. Ba wai na ji kamar ba, a'a, nutsewa ya yi yadda mashin yake yi in ƙato ya zauna, ni da na shekara tara ina ɗaukar mutane ba za a koya min wannan ba. Na waiga, jakunkunana biyu ne gefe da gefe, saman kariya babu komai. Na yi a'uziyya, na karanta duk abin da na iya, na ce rana ce ta buge ni. Na taka feda, keke ya yi nauyi kamar na ɗauko buhun masara.

Nauyin nan bai sauka ba. Kwana da kwanaki, jiha bayan jiha, ina jan abin da ba na gani. Wayoyin tayar baya suka riƙa tsinkewa, sau uku ina shiga wurin masu gyara, kowanne ya ce kayana ne suka yi yawa. Na tattara tanti da tukunya da rabin tufafina na aika gida ta gidan waya, ya zama jakunkunan nan ko yaro zai ɗaga da hannu ɗaya, amma ina! In na sauka na tura keken, sakayau yake. Ina hawa sai ya nutse. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shan kwana a hanya, in na kwanta dama sai a kwanta hagu, irin fasinjan ƙauye da bai taɓa hawa mashin ba. Tun ina tsoro har tsoron ya koma haushi. A Ohio na tsaya a kan hanya ina masifa ni kaɗai, ina cewa, "Malam, ka sauka mana! Haya na ɗauka da kai?" Ban gaya wa Hadiza ba, don na san abin da za ta ce, kuma da gaskiyarta.

Ranar ƙarshe na hauro gadar da ta taso daga New Jersey da hantsi, ƙafafuna kamar ba nawa ba. An shirya za a tarbe ni a bakin ruwan South Beach, abokan aikina da maƙwabta da 'yan masallacinmu. Na biya ta unguwar Tompkinsville, shagon Hajiya Mariama, wata dattijuwa 'yar Maraɗi da muke sayen gero da daddawa a wurinta, don in sha ruwa in wanke fuska kada in je wa mutane kamar mahaukaci. Tana tsaye a ƙofa ta ga isowata. Ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta tsaya tana kallon tayar baya.

Ta ce, "Ɗana, mi ka ɗauko haka? Taya ta kwanta ƙasa, kuma ban ga kaya ba."

Ban san lokacin da na zayyane mata komai ba. Ta saurara, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi salati ba, sai cewa ta yi, "To, da ka ce ya hau, ka tambaye shi inda za ya sauka?"

Kai! Na ji kamar in mari kaina. Abin da ake fara koya wa ɗan acaɓa ranar farko ke nan, ba ka barin mutum ya hau sai ka ji inda za shi. Ni na yi wata guda da ɗoriya ina zagi ina tofi, ban taɓa yin wannan tambayar ba. Na hau keken a gabanta, ya nutse kamar kullum, na daure na ce, "Malam, ina za ka sauka?"

Aka taɓa min kafaɗar dama. Yatsa biyu, a hankali, yadda fasinja yake yi in yana so ka sha kwana. Tsigar jikina ta tashi, amma wallahi har da ɗan daɗi na ji, na ce yau dai zan rabu da ƙaya. Na bi dama. Muka miƙe, aka taɓa hagu, na bi hagu. Aka sake taɓa dama. Ina tafe ina lura da hanyar, gabana ya fara faɗuwa, don shagon wankin da nake kai kaya ne wannan, ga mai askina, ga wurin da Ilham take jiran motar makaranta. Muna isa daidai ƙofar benen da nake haya sai aka dafa min kafaɗu duka biyun, aka matsa. Wato nan ne.

Na ce, "La ilaha illallahu, ba dai gidana ba!" Ban taka birki ba, ban sauke ƙafa ba, don na san fasinja ba ya sauka sai an tsaya. Na miƙe tsaye a kan feda na wuce da duk ƙarfin da ya rage min. Matsar nan ta ƙaru, nauyi ya ninka, ina jin wayoyin taya suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, ni kuwa ina ta faɗi da ƙarfi, "Wallahi ba a gidana ba, ko za ka karya ni!" Mutane a titi suna kallona, ban damu ba.

Haka na ja har South Beach. Tun daga nesa na hango su, an jera kuloli, wani yana ɗaga waya yana ɗauka, ga Hadiza ta ci kwalliya, ga Ilham da hular kwanonta ta ruga da gudu tana nufo ni. A nan na gane na shiga uku. In na tsaya a gabansu, a cikinsu zai sauka. In kuma bai sauka ba, a cinyar wa zan ɗora 'yata? Na daka mata tsawa irin wadda ban taɓa yi mata ba, na ce, "Koma wurin uwarki! Kada ki taɓa keken nan!" Na kauce mata na wuce su gaba ɗaya, ina jin tana kuka tana cewa, "Daddy, you promised!", wato ai na yi mata alkawari. Wannan muryar har yau tana kunnena.

Na yi nisa sosai, sai da na daina jin hayaniyarsu, na sami wurin da ba kowa. Na ce to ko ni kaɗai ne sai na tsoma tayar nan, wahalar wata biyu ba za ta tashi a banza ba. Na sauka na fara tura shi cikin yashi. Keken da kullum in na sauka yake zama sakayau, ranar ya ƙi. Tayar baya ta lume har rabi. Na ja, na tura, na ɗaga, na yi kuka don baƙin ciki, bai motsa ba. Ga ruwa nan ina kallo, bai fi taku ashirin ba. Da na ga ba sarki sai Allah, na kwance jakunkunana, na ce, "Malam, nan ne iyakata, ban san inda ka fito ba kuma ba na son sani." Na juya na tafi ban waiga ba.

Abin da na tarar kada ku tambaya. Hadiza ta kwana uku ba ta yi min magana ba, ta ce na kunyata ta a gaban jama'a. Abokan aiki suka ce rana ce ta taɓa min kai, wasu suka ce dama a mota na yi rabin tafiyar shi ya sa na kasa ƙarasawa. Har yau in na shiga majalisa sai wani ya ce, "Ga Saura Ƙiris nan." Hajiya Mariama kaɗai ce ba ta taɓa tsokanata ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Keken kuwa, a wannan garin da in ka ɗaure keke da sarƙa biyu ka shiga sayen burodi sai ka fito ka tarar da sarƙar kawai, sati uku ya yi a tsaye cikin yashin nan ba makulli, ba wanda ya taɓa shi. Nakan je in leƙa daga nesa. Ran nan na je na ga babu shi, ban san wanda ya ɗauka ba, Allah ya sa ba hawa ya yi ba.

Shawarata gare ku, in kuna hanya ku kaɗai kuka ji an kira, ku waiga ku ga mai kiran kafin bakinku ya amsa, kuma kada ku ce wa kowa ya hau sai kun ji inda za shi. Ni dai abin da yake hana ni sukuni ba nauyin ba ne. Tun daga Wyoming ban taɓa faɗin unguwarmu a kan keken nan ba, balle lambar gida. To wa ya kwatanta masa, kuma wurin wa zai je a gidana? Mun tashi daga benen nan tun watan da ya biyo baya, kuma har yanzu Ilham ba ta san dalili ba, ita dai abin da ta sani shi ne babanta ya saɓa mata alkawari.